Masu Zarto na Keffi, Sana'ar Mutum Biyu

Itace ne ya fara tsare Keffi. Da Abdu Zanga ya zauna a nan a farkon ƙarni na 19, da kafin itatuwa aka kewaye wurin kafin a yi ganuwa. Amma a wancan zamani babu wanda ke tsaga gungume ya fitar da katako. Masassaƙa ke da daji, da gatari da gizago, su fitar da turmi da akushi da kujerar mata, a Loko kuwa, bakin Binuwai, su fafe gungume guda ya zama kwalekwale. Ta hanyar Loko fatake ke bi zuwa Zariya da Kano, ta nan kuma Bajamushen nan Paul Staudinger ya ratsa Keffi a 1885.

Katako ya zo ne bayan Turawa. A 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a garin nan, ba a jima ba mulki ya koma hannunsu, sai ga ofisoshi da kotu da makarantu, kowanne na neman ƙofa da taga da benci. Rufin kwano ya biyo baya, shi kuwa ba ya zama sai a kan katako. A Kudu, wajen Safele, ruwa ke yin dakon: a ɗaure gumagumai jere, a bi kogi da su har masana'anta. A Amurka ma haka aka daɗe ana yi, sai a 1976 aka kora na ƙarshe a kogin Kenebek, kuma sun rubuta wa yaransu labarai a kan masu wannan aiki. Mu rafin Antau ba zai ɗauki gungumen maɗaci ba. Dole a tsaga shi inda ya faɗi, a ɗauko a ka.

Kakana yana cikin masu wannan aiki, a gidanmu na Tudun Ƙofa na ji yadda ake yinsa. Idan an kayar da maɗaci ko doka, sai a haƙa rami mai zurfin tsayin mutum, a gitta itatuwa a baki, a mirgina gungumen ya hau. A jiƙa zare da ruwan gawayi, a ja shi tsaf, a ɗaga tsakiya a saki, ya bar baƙin layi. Zarton ya fi mutum tsawo, da mariƙi sama da ƙasa. Ɗaya ya tsaya a kan gungume yana bin layi, ɗaya ya shiga rami yana jawowa ƙasa, garin itace na zuba masa a ka da ido tun hantsi har la'asar. Ba sa ganin fuskar juna. A hannu kowa ke jin halin ɗan'uwansa: in na ƙasa ya gaji, na sama ya sani kafin a ce uffan; in na sama ya kauce wa layi, wahalar na ƙasa ta tafi a banza, don kafinta ba ya sayen karkataccen katako.

Shi ya sa ba a canza abokin zarto yadda ake canza riga. Abokin kakana Bagwandare ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma sun yi rani da yawa tare a daji, kwana a bukka ɗaya, tuwo a ƙwarya ɗaya. In lokacin salla ya yi, shi zai zauna ya wasa haƙoran zarto da magagari, ɗaya bayan ɗaya, har kakana ya idar. Shekarar da gungume ya kuɓuce ya danne wa abokin nan ƙafa, kakana ya goyo shi har bakin hanya, kuma duk wannan ranin bai nemi wani ya shiga ramin ba. Kakata ta yi faɗa, gida babu hatsi. Abin da ya ce mata kawai: "Ki yi haƙuri, zarton nan namu ne mu biyu." Ya koma dako a kasuwa har ƙafar ta warke. Ko da na yi wayo sun tsufa, amma duk ranar kasuwa tsohon kan biyo da sandarsa, mu ce masa Baba, a shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Masu zarto ba su da ikon sara yadda suka ga dama. Tun dokar daji ta 1916 ake keɓe gandun daji, kuma a zamanin En'e sai ka biya kuɗi malamin daji ya ba ka izini. Sun yi ƙorafi da wannan, amma wahalar aikin kanta ta fi doka kare dajin. Itacen da zai cinye maka makonni ba ka kayar da shi don wasa, ƙarami kuma ba ka kula shi.

Injin yanka itace ya kawo ƙarshen wannan duka. Mutum ɗaya da galan ɗin fetur ya yi a wuni abin da biyu ke yi a mako. Sai ga ginin Abuja a maƙwabtanmu, gwamnati ta tare can a 1991, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, jami'a ta zo Keffi, kowa na gini. Daga baya 'yan kasuwar Sin suka buɗe wa madobiya ciniki, aka yi ta lodinta zuwa tashar jiragen ruwa har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Wanda ya bi hanyar Akwanga yau ya ga buhunan gawayi jibge a gefen titi, ya san inda sauran dajin ke tafiya. Ba na zargin yaron da ke riƙe da injin, abinci yake nema. Amma na tabbata mun yi asara biyu, ta itatuwa da ta irin mutanen da aikin ke ginawa.

Gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, yaranmu suka san malamai da mayaƙa da bayi. Masu zarto ma sun cancanci littafi. Marubutanmu na Nasarawa, tsofaffin da suka shiga ramin nan saura kaɗan, wasu suna nan Keffi da ƙauyukan kewaye. Ku je ku zauna da su, ku rubuta wa yara labarinsu da Hausa tun suna da rai.