Yadda Muka Koyi Sauraren Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi

Mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mana shago ana cewa sun mutu, da ransu. Mai ita ne ya ƙara mata ram, ko ya canja furosesa, ko ya sa sabon katin hoto, ya danna maɓalli, fanka ta juya, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Aikinmu shi ne mu gane abin da injin yake ƙoƙarin faɗa, kuma wannan ilimi yana da tarihinsa.

Tun kwamfutar da IBM ya fitar a 1981 akwai ɗan shiri mai suna BIOS a jikin bod. Kafin komai ya bayyana, sai ya duba furosesa da ram da katin hoto. Tunda mai yiwuwa sikirin ɗin ne ma ba ya aiki, sai aka ba injin 'yar sifika ya yi magana da ita. Ƙara ɗaya gajera, lafiya lau. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, a duba katin hoto. AMI da Award da Phoenix kowanne da tsarin ƙararsa, shi ya sa muke manna takardar fassararsu a bangon shago. Iyayen gidanmu ba sa ma kallonta. Daga inda maigida yake zaune zai ce, "Kai yaro, zare ram ɗin nan ka sake zaunar da shi," kuma sai ta tashi.

A zamanin tsarin AT, wutar bod tana shiga ne ta filogi biyu masu kama da juna. Darasin farko na kowane ɗan koyo shi ne baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, domin in ka juya su, bod ya tafi. Tsarin ATX da Intel ya kawo a 1995 ya raba mu da wannan fargaba: filogi ɗaya mai baki 20 wanda ba ya shiga a juye. Ya kuma ba mu gwajin da har yau muke yi. Ka haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe. In fankar akwatin wuta ta motsa, aƙalla ka san bai mutu murus ba. Sai Pentium 4 ya zo a 2000 da ƙarin filogi mai baki 4 na furosesa kaɗai. Allah kaɗai ya san yawan bod masu lafiya da aka yanke wa hukuncin ƙonewa saboda an manta da wannan ɗan filogi.

Shekarun da shagunan intanet suka cika gari su ne makarantarmu ta gaskiya. Kaya 'yan tokumbo na tasowa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, da yawansu da kafasito marasa inganci na wancan lokaci. Za ka ga kansu ya kumbura, wani ma ya tsiyayo da abu ruwan ƙasa ya bushe a gindinsa. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a ramin ram, wadda maganinta goge haƙoran zinariyar da abin goge fensir. Ga wutar NEPA. A nan muka koyi duba da ido da shinshinawa kafin mu ɗauki mita.

Yau akwatuna da yawa ba sa zuwa da sifika. Bod ne ke ɗauke da ƙananan fitilu huɗu, na furosesa da ram da hoto da faifan ajiya, wadda ta tsaya a kunne ita ce mai nuna inda matsala take. Tarkon ma ya canja. AMD ya riƙe ramin furosesa ɗaya, AM4, na tsawon shekaru daga Ryzen na farko a 2017, don haka Ryzen 5000 na 2020 zai zauna daram a tsohon bod, amma ba zai tashi ba sai an sabunta BIOS. Sabon ram na DDR5 kuma yakan ɗauki mintuna a kunnawar farko yana daidaita kansa, sikirin shiru, mai gajen haƙuri ya kashe ya ce ta lalace.

Abin da ke damuna shi ne saurin da matasanmu ke yi wajen cewa "bod ya ƙone". Wannan kalma kuɗi ce mai nauyi a aljihun ɗalibi ko mai ɗan shagon buga takardu. Hanyar da muka gada ba ta tsufa ba: a fara zargin abin da aka taɓa na ƙarshe, a mayar da tsohon a gani. A cire komai sai furosesa da ram ɗaya, a zare batirin CR2032 na ɗan lokaci don saituna su koma asali, sannan a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya.

Iyayen gida a wannan sana'a, don Allah kada ku bar yaro ya faɗa wa mai kaya kuɗin sabon bod sai ya yi wannan gwaji a gabanku.