Daga Harji zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hadda da Bincike a Ƙasar Hausa

A shekarar 1826, lokacin da Baturen nan Kilafatin ya koma Sakkwato karo na biyu, cikin tsarabar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya kuma gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafe ɗaya da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Idan littafi zai ƙone a gidan Sarkin Musulmi a rasa madadinsa sai baƙo ya zo daga Ingila, to ina ga malamin ƙauye?

Wannan shi ne asalin darajar hadda a ƙasar Hausa. A wancan zamanin takarda kayan fatauci ce mai tsada. Mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamai suka fi so, daga Italiya ake yin ta, ta sauka Tarabulus, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso Kasuwar Kurmi. Littafi kuwa da hannu ake kwafarsa, ganye bayan ganye, a adana a gafaka, gara da damina suna jiransa. Allo ne ya warware matsalar: a rubuta, a karanta har ya zauna, a wanke, a sake rubuta na gaba.

A tsangaya yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Masu himma sukan tafi gabas, ƙasar Barno, su shekara suna tilawa a gefen gari, ga wutar kara da dare, ga sanyin asuba. Alaramma shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, a bisa ruwayar Warshu. Gwani ya wuce nan.

Masu yi wa tsangaya kallon wurin maimaici kawai ba su san harji ba. Wannan fanni ne da mahaddaci ke sanin sau nawa wata kalma ko wata gaɓa ta zo a Alƙur'ani, a waɗanne surori, da inda ta yi kama da 'yar'uwarta da inda suka rabu da harafi ɗaya ko wasali ɗaya. Marubuta sukan sa alamominsa a gefen shafi, gardawa kuma su yi ta ƙure juna da shi a musaffa. A jefa wa gwani kalma, nan take ya jero wurarenta. Aikin bincike ke nan tsantsa, irin wanda Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya tattara a mu'ujaminsa da aka buga a Alƙahira a 1945. Gwanayen Barno da Haɗeja da Kano sun daɗe suna ɗauke da irinsa a ƙirji.

A makarantar zaure salon ya ɗan bambanta. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja baƙi, malam ya fassara. Idan mas'ala ta yi tsauri, malam ya san littafin da za a duba da babin, ya kuma san malamin da ke da kwafe, ko da tafiyar kwanaki ce. Neman ilimi a lokacin da ƙafa ake yin sa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta zuba fiƙihu da tarihi cikin waƙoƙi, malamai mata da ake kira jajis suka haddace suka kai wa matan karkara da ba su da littafi ko ɗaya.

Boko ya shigo da tasa haddar. Makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano ta buɗe a 1909, Kwalejin Katsina kuma aka yi bikin buɗe ta a 1922. 'Yan elemantare suka riƙa rera biyu sau biyu huɗu da irin muryar da suka saba da ita a makarantar allo. Da jarrabawa ta zama ƙofar samun aiki da shiga jami'a, WAEC daga 1952, JAMB daga 1978, sai aka sami wata hadda marar tushe: a cusa sunayen koguna da shekarun yaƙe-yaƙe a daren jarrabawa, a zubar a takarda, a manta kafin sakamako ya fito. Wannan ce ta ɓata wa hadda suna, alhali mahaddacin tsangaya yakan yi tishe har ƙarshen ransa don kada karatu ya zube.

Laburare ya koyar da wata sana'a daban. Ɗalibin da ya shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, sai ya koyi jan akwatin kati, ya nemi sunan marubuci, ya kwafi lamba, ya bi kanta har ya iske littafin. A Gidan Arewa na Kaduna da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, rubuce-rubucen da a da ake yi wa tattaki suka taru a ƙarƙashin rufi ɗaya. Sai dai yawancin 'yan firamare da sakandare ba su taɓa ganin wannan gata ba, domin makarantunsu da dama ba su da ɗakin karatu.

Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, intanet ya biyo ta cikin aljihu. Yau ɗalibi a Maraɗi ko Gusau yana iya samun Risala da sharhinta cikin minti ɗaya. Abin da waya ba ta ba shi shi ne abin da ijaza ke bayarwa, wato sanin daga wa aka ji, shi kuma daga wa. Hadisin ƙarya da ingantacce da haruffa iri ɗaya suke fitowa a WhatsApp, kuma wanda bai riƙe komai a ka ba ba shi da ma'aunin da zai raba su. Malamin da ya tura yara su bincika a intanet ba tare da ya koya musu tambayar waye ya rubuta, yaushe, da wace hujja ba, ya yi rabin aiki ne.

Haddar ma ba ta ja da baya ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, tana tara matasa maza da mata kowace shekara, kuma da yawansu da waya suke sauraron ƙira'ar da suke bita da ita. Manhajojin da aka fi saukewa ruwayar Hafsu suke ɗauke da ita, saboda haka almajirin tsangaya sai ya nemi ta Warshu da gangan, ya kuma gwada ta da abin da malaminsa ya biya masa.