Rabin burodi da ƙwai: tarihin abincin rana a ƙasar Adar

A watan jiya wata hidimar takardu ta kai ni Tawa daga Barmu. Ban fito daga ofishin ba sai da rana ta take, ga yunwa, ga motar komawa ba ta cika ba. Sai na raɓa wani ɗan shago kusa da tasha: rumfar kwano, benci biyu, da tebur ɗauke da gwangwanayen madara, kwalbar mayonez, tiren ƙwai da kwandon burodi an lulluɓe shi da zane. Mai shagon ya ɗago kai ya ce, “Mushe, ba ku gane ni ba?” Ashe yaron da na koya wa karatu ne shekaru da dama da suka wuce. Ya tsaga rabin burodi, ya soya ƙwai biyu da albasa, ya barbaɗa yaji, ya naɗe mini a takardar wani tsohon littafin lissafi. Ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba, ni kuma na tura masa dala sittin ƙarƙashin tire.

Ina cikin ci aka tashi 'yan koleji. Shida suka nufo shagon tare. Huɗu suka shigo suka saya, biyu suka tsaya a inuwar bango suna duban titi. Da abokansu suka miƙa musu, ɗaya ya ce ya ƙoshi. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin wannan ƙoshin. Tun daga ranar nake tambayar kaina: yaushe abincin ranar yaron Adar ya koma abin da sai da kuɗi a aljihu? Amsar tana da tsawo, kuma ta fi shagon nan tsufa nesa ba kusa ba.

Lokacin da muke yara, abincin rana a ƙasar Adar fura ce, ko hura kamar yadda bakinmu yake faɗi. Da safe ɗumame ko kunu, da dare tuwo, tsakiyar rana kuwa ƙwarya da ludayi. Gero daga rumbu yake fitowa, nono daga shanun gida ko daga matan Fulani da na Buzaye, waɗanda sau da yawa da hatsi ake biyansu. Da damina 'yan mata ke kai wa manoma fura gona. Matafiyi yana da guzurinsa: dawo, cuku, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi idan da hali. Cin abinci a waje ba baƙon abu ba ne, domin ranar kasuwar Barmu akwai masu tsire da masu ƙosai da masu waina tun kaka da kakanni. Amma wannan na ranar kasuwa ne, na baƙi da fatake. Cikin yaro kuwa nauyin gida ne. Idan ya wuni a gidan maƙwabta, a can zai sha, babu mai tambayarsa ko sisi.

Ita ma alkama ba Bature ne ya kawo mana ita ba. Sunanta daga Larabci yake, haka ma sunan alkaki da na gurasa, alamar cewa ta hanyar Sahara suka zo tare da fatake. Ana noma ta da sanyin hunturu a lambunan Abzin da wasu fadamun ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Sai dai ba ta son zafi kuma tana son ban ruwa, shi ya sa ba ta taɓa yawa ba. Ta zama abincin biki da salla da tarbar babban baƙo: alkaki a garar amarya, funkaso, taliyar hannu. Babu wanda ya ɗauke ta abin ci kullum.

Burodin da muka sani yau da sojan Faransa ya iso. A 1898 Ingila da Faransa suka raba wannan yanki a kan takarda, suka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka bar wa Ingila. Wannan ya tilasta wa Faransawa masu zuwa Damagaram daga bakin Kwara su zagayo ta arewa, ta hanya mai ƙarancin rijiyoyi, sai Tawa ta zama babban zango a kanta. A farkon shekarun 1900 suka kafa barikinsu a garin. Inda duk Bafaranshe ya zauna kuwa sai an gina masa tanderu. Waɗanda suka fara sanin ɗanɗanon burodi a cikinmu su ne na kusa da bariki: kuku, boyi, tafinta, dogarin kwamanda, da sojojin da aka kwaso daga Senegal da Mali ta yau.

Sunan kansa yana ba da labarin hanyoyin da abin ya biyo. Zabarmawa suna cewa buru, kalma mai kama da ta Bambara da ta Wolof, wato ta yamma ta zo musu, hanyar da sojojin nan suka biyo. Mu Hausawa kuwa burodi muke cewa, daga Ingilishi, duk da cewa Faransa ce ta mulke mu. Ke nan sunan ta kudu ya shigo mana, ta Kano da Sakkwato da Ƙwanni, a bakin 'yan kasuwa, siffar kuma, doguwa mai ɓawo, ta Faransa ce. Shi kuwa tsaga burodi a cusa masa nama ko ƙwai, Turawa sanwic suke kiransa, da sunan sarautar wani basaraken Ingila, John Montagu, wanda ya rasu a 1792. Ba mu kaɗai mulkin Faransa ya bar wa wannan gado ba. A Biyetnam ma dogon burodin ya zauna, suka cika shi da kayan lambunsu da barkononsu har ya zama nasu.

To amma burodin bariki bai isa ya kori fura ba. Abubuwa uku ne suka yi wannan aiki a hankali, kuma na ga biyu daga ciki da idona.

Na farko agogo ne. Lakwal da ofis sun zo da lokacin shiga da na fita wanda bai san da turmi ba. A firamare abin da sauƙi, domin ana tashi da rana a je gida a sha fura a dawo da yamma. Matsalar tana farawa ne ranar da yaron ƙauye ya ci jarrabawa aka tura shi koleji a birni. Ni kaina haka aka kawo ni Tawa, aka damƙa ni ga wani mai masauki da ya san mahaifina a kasuwa. Mutumin kirki ne, amma gidansa cike yake, kuma yaron da ba na gida ba shi ne na ƙarshe da ludayi ke isa gare shi. Yawancin abokaina da suka bar karatu ba don kansu ba ya ja ba ne. Wurin kwana da abin kaiwa baki ne suka kore su. Yau an gina koleji a garuruwa da yawa, amma har yanzu akwai yaran da ke tako kilomitoci da sassafe, ba su komawa sai bayan azahar.

Na biyu cirani ne. Babu gidan da za ka shiga a Adar ka rasa wanda ya taɓa zuwa Abijan, ko Ikko, ko Akara, ko Libiya. A Kodebuwa mutanenmu sun yi suna a sana'ar ciyar da ma'aikata da ɗalibai a bakin titi. Garin rogo da soyayyen kifin da duk Abijan ke ci sunansa garba, kuma 'yan Nijar aka sani da sayar da shi. Teburin kofi da madara da burodi da ƙwai kuwa aboki suke ce masa. A Ikko ma kalmar mai shayi ta shiga bakin waɗanda ba su jin Hausa. Ɗan cirani idan ya dawo ba rediyo da katifa kaɗai yake kawowa ba, yana kawo sana'a da kuma sabon baki. Tsohon ɗalibina ya ce mini shekara shida ya yi yana wanke kofuna a teburin kawunsa a Abijan kafin ya tara jarin nasa. Saboda haka kuskure ne a ce shagon nan kwaikwayon Bature ne kawai. 'Ya'yanmu ne suka koyo shi da guminsu a bakin teku.

Na uku fari ne da titi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun zazzage rumbuna, sun kashe shanun da ke ba da nono, sun koro mutane birni. Abincin agaji ya saba wa bakin jama'a da hatsin da ba a gonarsu ya fito ba. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka shimfiɗa titin yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit. Manyan motoci suka yawaita, tasha ta cika da direbobi da yaran mota da fasinjoji masu neman abin da za a ci a tsaye cikin minti biyar. Fura tana son nono mai kyau da wurin zama. Burodi kuwa ana sa shi a aljihun riga.

Ga inda gizo ke saƙar: kusan duk fulawar da ake yin burodin nan daga waje take zuwa, ta jirgin ruwa, sannan ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. Alkamar da ake nomawa a Ƙwanni da Abzin da bakin Komadugu ba ta kai ko kusa da abin da ake ci ba. Don haka duk abin da ya girgiza duniya sai ya girgiza rabin burodin yaronka. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsalle. A 2005, shekarar da Adar ke fama da yunwa bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula suka fito, aka rufe kasuwanni a manyan birane, har gwamnati ta janye harajin fulawa da madara a watan Afrilu. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, ya ɗaga farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mai gidan burodi idan fulawa ta yi tsada yakan bar farashin yadda yake ya rage nauyin. Yaro ya biya kuɗin jiya, ya ci abin da bai kai na jiya ba.

Na buɗe nawa rabin burodin na duba. Fulawa ta waje, mai na waje, mayonez na waje, madarar shayin ma ta waje. Namu a ciki albasa ce, wadda Galmi ta sa jiharmu ta yi suna da ita a duk Afirka ta Yamma, sai yaji, sai ƙwai idan damina ce zabi na saki.

Kada a fahimce ni da cewa a koma jiya. Furar da muke yabo da ƙarfin wasu ake yinta: surfe, daka, ɗebo ruwa, neman itace, kuma 'yan matan da muke so su zauna a aji su ne ke wannan aikin. Ƙwai biyu a cikin burodi kuma abinci ne mai gina jiki, ya fi alewa da lemon leda da yara da yawa ke kashe kuɗin tararsu a kai. Abin da ya ɓace, kuma ya kamata ya dame mu, shi ne tsarin da ya sa cikin kowane yaro ya zama nauyin jama'a. A gaban ƙwaryar fura ɗan mai shi da ɗan maras shi ludayi ɗaya suke karɓa. A gaban teburin burodi kuwa akwai na ciki, akwai na jikin bango.

Hukumomi sun san da maganar. Tarayyar Afirka ta keɓe ranar 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da ɗalibai a makaranta, kuma a Yamai aka yi bikinta na farko a 2016, da kiran a riƙa ciyar da yara da abin da manoman ƙasa suka noma. Akwai makarantu masu kantin, musamman a yankunan makiyaya, da tallafin gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya. Amma makarantu da yawa ba su da shi, kuma yunwar ƙarfe sha biyu ba ta jiran kasafin kuɗi.

Akwai abin da ke hannunmu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma wake a duniya, amma kaso mai yawa kudu yake tafiya a buhu. Ƙosai, ɗanwake, dafa-dukan wake, dambu da zogale, kunun gero: duk sun fi burodi riƙe ciki a kan kuɗi ɗaya, kuma kuɗin a garin yake tsayawa. Kwamitin iyaye zai iya tara tiya ɗaya ta gero ko wake daga kowane gida lokacin kaka, kamar yadda muke tara wa liman da mai unguwa, a ɗauki mata biyu su dafa. Uba mai ba da kuɗin tara ya tambayi ɗansa me ya saya da su, da wa ya ci. Malami kuma, kafin ya ɗaga murya a kan yaron da ke gyangyaɗi a darasin ƙarshe, ya fara tambayarsa a keɓe ko ya karya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kafin in tashi na tambayi mai shagon labarin yaran nan biyu. Ya jawo wani ɗan littafi daga ƙarƙashin tebur ya nuna mini: sunayen 'yan makaranta ne da bashin da yake binsu, wasu tun bara. Ya ce, “Mushe, in sun bari abokansu sun tafi, za su dawo. Ina aje musu kan burodi da ɗan mai.” Na yi masa addu'a, na kuma ji kunya, domin nauyin da gari guda ya kamata ya ɗauka ne muka bar wa mai tebur ɗaya. Da na fito, yaran suna nan a inuwar bango, suna jiran layi ya watse.