Daga Lu'ulu'u zuwa Otal: Yadda Dubai ta Koyi Sayar da Gaɓar Tekunta

Duk wanda ya zauna tsara hutu a Dubai, tambayar farko da za ta tare shi ita ce ta masauki: Deira da Bur Dubai, kusa da tsofaffin kasuwanni, ko Jumeirah da Marina, inda yashi da ruwa suke? Tazarar da ke tsakanin Deira da Marina ta haura kilomita 20, kuma wanda ya bi wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe ya bi tarihin garin ne bisa jerinsa.

Asalin Dubai shi ne Khor, wani hannun teku da ya kutsa cikin tudu ya zama mafakar jiragen ruwa. A nan ne wani reshe na ƙabilar Bani Yas, mutum kusan 800, ya sauka a 1833 bayan ya baro Abu Dhabi, a ƙarƙashin Maktoum bin Butti, wanda gidansa ke sarauta har yau. Abincin garin yana ƙarƙashin ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafi ya fi tsanani, maza kan tafi teku su yi nutso neman lu'ulu'u, akasarinsu da bashin mai jirgi a wuya tun kafin su tashi.

Wayon farko da sarakunan garin suka nuna na haraji ne. A farkon ƙarni na 20, sa'ad da hukumomin Farisa suka tsananta kuɗin fito a tashar Lingeh, Sheikh Maktoum bin Hasher ya sassauta nasa, ya kuma yi wa fatake tayin fili da kariya. Suka ƙetaro da iyalansu da jarinsu. Unguwar da suka gina, wadda aka sani da Bastakiya saboda garin Bastak da suka fito, ita ce Al Fahidi ta yau, mai dogayen hasumiyoyin da ke tarar iska su sauko da ita cikin ɗaki tun kafin zuwan na'urar sanyaya wuri.

Sai lu'ulu'u ya faɗi. Karyewar tattalin arziƙin duniya ta 1929 ta haɗu da lu'ulu'un da Japanawa suka koyi rainonsa cikin kawa, farashi ya rushe, yunwa ta shiga gidaje, mutane da yawa suka yi ƙaura. Sheikh Rashid bin Saeed, wanda ya hau gadon sarauta a 1958, da idonsa ya ga wannan zamani, kuma ayyukansa sun nuna ya riƙe darasin: kada gari ya sake rataya rayuwarsa a kan haja ɗaya. Ya ci bashi daga Kuwait ya yashe Khor domin manyan jirage su iya shiga, ya buɗe filin jirgin sama a 1960. Duk wannan kafin a gano man fetur a rijiyar Fateh a 1966. Da kuɗin mai ya fara shigowa a 1969, kuma an san bai kai na Abu Dhabi yawa ba, sai aka zuba shi a tashar Rashid a 1972, da ta Jebel Ali a 1979. Kamfanin jiragen Emirates ya tashi a 1985 da jirage biyu na haya daga Pakistan.

Ita kanta gaɓar da ake zuwa hutu a yau da aikin mai ta fara suna. Wurin da otal ɗin Burj Al Arab yake an daɗe ana kiransa Gaɓar Chicago, domin a nan ne kamfanin Chicago Bridge and Iron ya harhaɗa manyan tankunan ajiyar mai da aka ja zuwa cikin teku. An buɗe Burj Al Arab a 1999 a kan tsibirin da aka ƙirƙira, aka soma aikin Palm Jumeirah a 2001 da yashin da aka kwaso daga ƙasan teku. Da gaɓar da Allah ya ba su ta yi kaɗan, sai suka ƙara mata tsawo.

Wannan buri ya kusa kai garin ƙasa. A ƙarshen 2009 kamfanin Dubai World ya nemi a jinkirta masa biyan bashi, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Makonni kaɗan bayan haka, a Janairun 2010, aka buɗe gini mafi tsawo a duniya, mai mita 828, kuma a wajen bikin aka ji sunansa ya sauya daga Burj Dubai zuwa Burj Khalifa, sunan sarkin Abu Dhabi na wancan lokacin. Wanda ya ba ka hannu ka fita rijiya, ba ka yi masa rowar suna.

Me wannan zai amfana wa mai shirin tafiya? Da farko, lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris ne gaɓar ke da daɗin zama. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, har doka ta hana aiki cikin rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin tsakiyar Yuni da tsakiyar Satumba. Watannin da baƙo ke gudu su ne waɗanda masu nutso suka yi aiki a cikinsu jiya, su ne kuma leburori daga Indiya da Pakistan da Bangladesh ke jurewa yau, a garin da kusan mutum tara cikin goma baƙi ne.

Na biyu, tsarin kwanaki. 'Yan kasuwarmu na Kano da suka daɗe suna sarin zinare da yadi da turare a Deira sun san rabin garin da masu zuwa hutu kan tsallake. Ka ware ranar farko domin Khor: ka zaga Al Fahidi da safe, ka hau abra, kwalekwalen katakon da ke ƙetarar da mutane, ka tsaya ka kalli yadda ake loda kaya a jiragen katako masu zuwa Iran da gaɓar Afirka ta Gabas. Washegari ka bi jirgin ƙasa na cikin gari ka nufi Marina. In ka iso yashin Jumeirah da la'asar, za ka san bashin wa da guminsa suka shimfiɗa shi.