Yadda Aka Gano Cutar Ruɓewar Dankali Bayan Yunwar Ailan

A shekarar 1845 wata cuta ta ɓulla a gonakin dankalin turawa na Beljiyam, kuma kafin kaka ta ƙare ta ƙetara teku zuwa Ailan, inda kusan kashi ɗaya bisa uku na al'ummar da ta haura miliyan 8 ba su da abincin dogaro sai dankali. Alamarta ta farko baƙaƙen tabo ne a ganye masu kama da wurin da ruwa ya jiƙa, sai wata farar fumfuna ta bayyana a bayan ganyen idan an kwana da raɓa, bayan 'yan kwanaki kuma gona ta ƙone ƙurmus, dankalin da ke cikin ƙasa ya yi ja-ja a ƙarƙashin ɓawo, ya ruɓe yana ɗoyi. Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi hijira. Ɗora wa cutar laifin duka rashin adalci ne, domin talakawan ƙasar sun ta'allaƙa ne a kan iri guda mai suna Lumper, ana kuma ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila suna cikin wannan hali.

Masanan zamanin sun ga fumfunar, amma yawancinsu sun ɗauka ruwa da sanyi ne suka ruɓar da shukar, fumfunar kuma ta biyo baya kamar yadda takan hau tuwon da ya kwana. Wani limamin coci Bature, Miles Berkeley, ya rubuta a 1846 cewa fumfunar ce ke haddasa ruɓewar, amma bai samu magoya baya da yawa ba, sai da Bajamushe Anton de Bary ya tabbatar da haka a 1861, lokacin da ya shafa wa lafiyayyen ganye ƙwayoyin fumfunar ya kamu. A 1876 ya raɗa mata suna Phytophthora infestans, kuma daga baya bincike ya nuna cewa, ko da yake tana kama da naman gwari, wato dangin fumfuna, asalinta ya fi kusa da wasu tsirran ruwa.

Magani ya fito ne daga gonakin inabi na Faransa, inda wani masani mai suna Millardet ya bayyana haɗin Bordo a 1885, wato gishirin tagulla da farar ƙasa a cikin ruwa. Wannan feshi yana hana ƙwayar tsirowa a kan ganye, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa dole a yi shi kafin tabo ya bayyana. Manoman Bokkos da Mangu a Jihar Filato suna fama da wannan cuta duk damina mai yawan hazo, inda feshi da wuri, iri mai lafiya da tara ƙasa a gindin shuka ke rage asara.