Dodannin Skyrim: Abokan gabar da ba a san ranar zuwansu ba

A watan Disamban 2010 ne kamfanin Bethesda Game Studios na ƙasar Amurka ya sanar da cewa zai fitar da Skyrim, kashi na biyar na wasan bidiyon The Elder Scrolls, a ranar 11 ga Nuwamban 2011. Abin da ya fi jan hankalin masu jiran wasan a cikin waɗancan watanni shi ne alkawarin da Todd Howard, jagoran aikin, ya yi game da diragon, wato dodon nan mai fukafukai da ke aman wuta ko ƙanƙara. A yawancin wasanni, babban dodo yana zaune ne a wuri guda yana jiran ɗan wasa. A Skyrim kuwa, shi ne zai riƙa nemo ɗan wasan, ba tare da sanarwa ba.

Yadda tsarin yake aiki

Wasan yana buɗewa ne a garin Helgen, inda dodo Alduin ya afka wa garin daidai lokacin da za a fille kan jarumin. Wannan harin an tsara shi tun farko, kowa zai gan shi iri ɗaya. Sai bayan jarumin ya kashe dodo Mirmulnir a hasumiyar tsaro da ke kusa da birnin Whiterun ne dodanni suke fara yawo a sararin samaniya. Daga nan, suna iya sauka a kan hanya, ko a ƙauye, ko a bisa rufin gida. Ƙarfinsu yana ƙaruwa gwargwadon matakin da ɗan wasa ya kai, don haka wanda ya ƙware ma bai tsira ba.

Hatsarin na gaske ne: dodo yana iya kashe maƙeri ko ɗan kasuwar da ɗan wasa ya dogara da shi, kuma ba zai dawo ba. Ladar ma babba ce, domin jarumin yana zuƙe ruhin dodon da ya kashe, ya yi amfani da shi wajen buɗe kalmomin tsawa masu ƙarfin sihiri.

Dodanni da yaƙin basasa

Labarin yana gudana ne a tsakiyar yaƙin basasa tsakanin sojojin Daula da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak. Dodanni ba su da ɓangare, kowa suke ƙonawa. Idan yaƙin bai ƙare ba, sai labarin ya tilasta wa jarumin ya tara shugabannin ɓangarorin biyu a High Hrothgar domin tsagaita wuta, kafin a fuskanci Alduin.

Inda aka yi tuntuɓe

Barin dodo ya yi abin da ya ga dama yana da tsada. Gyaran da aka fitar a ƙarshen Nuwamban 2011 ya sa wasu dodanni suna tashi da baya, har sai da wani gyaran ya biyo baya a Disamba. Duk da haka wasan ya samu karɓuwa, inda Howard ya bayyana a 2023 cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. An sanar da kashi na shida tun watan Yunin 2018, kuma ma'aunin da masu jira za su auna shi da shi, shi ne wannan fargabar da ke kama ɗan wasa idan ya ji ruri daga sama.