Ginuwar Hali a 'Ya'yan Kyanwa: Sabo, Gado da Yaye a Gidajen Jalingo

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin abin da ke sa wata kyanwa ta tashi da son mutane, wata kuma da tsoro da yakushi, sannan ta auna sakamakon binciken masana da yadda ake riƙon kyanwa a Jalingo. Ra'ayin da take karewa shi ne, mafi yawan abin da ake kira mugun hali ana shuka shi ne tun kafin kyanwa ta cika wata biyu.

Lokacin sabo

Ɗan kyanwa yakan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 10. A shekarun 1980, Eileen Karsh ta Jami'ar Temple a Amurka ta nuna cewa daga mako na 2 zuwa na 7 ne yake saurin sabawa da mutum. Waɗanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani sun fi saurin tunkarar mutum, sun kuma fi daɗewa a hannu ba tare da zillewa ba. Waɗanda aka fara taɓawa bayan mako na 7 ba su kamo su ba.

A unguwanni irin su Sabon Gari, Magami da Mayo-Gwoi, saboda ɓera ake ajiye kyanwa. Idan haihuwa ta zo, takan shige bayan buhunan masara ko cikin silin, a hana yara zuwa wurin don kada uwar ta kwashe 'ya'yanta. Niyyar mai kyau ce, amma makonnin nan ne suke wucewa a duhu. Ranar da ɗan ya fito tsakar gida, da an miƙa hannu sai ya gantsare baya, gashi ya tashi, ya yi huci. Daga nan aka yanke masa hukunci.

Gadon muzuru

A 1995 Sandra McCune ta wallafa binciken da ta yi a Ingila: 'ya'yan muzuru mai sakin jiki da mutane sun fi 'ya'yan matsoraci kusantar mutum, har da baƙon abu, alhali ba su taɓa ganin uban ba. Abin da aka gada ƙarfin zuciya ne, sabo kuma ya juya shi zuwa ga mutum. A Jalingo muzurai na tsallaka katanga yadda suka ga dama, kuma ciki ɗaya na iya ƙunsar 'ya'yan uba fiye da ɗaya. Wannan kan bayyana dalilin samun kyanwar Lami da mai cizo a haihuwa guda.

Yaye

Nan ne al'adarmu ta fi buƙatar gyara. Da ɗan ya fara lasar kunu, maƙwabta sun fara roƙo, a sa shi a kwali a tafi da shi. Binciken Milla Ahola da abokan aikinta a Jami'ar Helsinki (2017), kan kyanwoyi fiye da 5,000, ya danganta yaye kafin mako 8 da ƙaruwar faɗa. A wasan kokawa da 'yan'uwansa ne ɗan kyanwa yake koyon sassauta haƙori.

Idan ana son gwada batun sabo a Jalingo, ma'aunin Karsh ba ya buƙatar komai sai agogo da takarda: daƙiƙa nawa ɗan ya ɗauka kafin ya matso, daƙiƙa nawa ya zauna a hannu. Ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba za su iya gwada shi gida-gida, su kwatanta 'ya'yan da aka haifa a ɗaki da na ma'ajiyar hatsi.